Hajiya Barakatu da Masu Ƙasar Kanada

In ka shigo unguwar Sabo ta Badun ta wajen Mokola, ka wuce 'yan canji, ka karya lungu na biyu bayan masallaci, hancinka zai kai ka gidan Hajiya Barakatu ba sai ka tambayi kowa ba. Daddawa take sayarwa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu, duk daga cikin ɗakinta. Ta haura shekara arba'in a wannan sana'a, kuma ba a taɓa jin ta karɓi buhu ba tare da ta zura hannu har ƙasansa ba. Direbobin da ke kawo mata kaya daga Arewa sun san hali. In ka rantse mata kukar bana ce, sai ta ɗebo, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ɗago ta dube ka, sannan ta ce, "To." Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka ta yarda. Mu da muka san ta mun san yanzu aka fara bincike.

Ba a banza ta zama haka ba. Tana da shekara bakwai gwaggonta ta ɗauko ta daga wani ƙauye kusa da Gezawa, aka hau jirgin ƙasa, aka ce mata sati biyu kawai za ta yi a Badun ta dawo. Bana shekara sittin da huɗu ke nan, sati biyun bai cika ba. Daga baya kuma mijinta, marigayi Alhaji Babandi, ya sayi fili a wajen Akinyele, da takarda da shaidu da komai. Ana gama haƙa tushe sai ga omo-onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, suka ce kawunsu ne ya sayar ba da saninsu ba. Aka sasanta da su. Gini ya kai taga sai ga wasu dangin daban da tasu takardar, suka ture bangon da rana tsaka. Alhaji ya haƙura ya bar wa Allah. Hajiya ta bar wa Allah, amma ba ta haƙura ba. Tun daga ranar, in aka ambaci fili a gabanta, ko na wasan ƙwallo ne, sai ta tambayi na wane ne asali.

Ihsan jikarta ce, 'yar ɗanta na fari Iliyasu, mai fataucin shanu a kara. An kawo ta yaye wurin kakarta, yayen ya zarce. Duk wata takarda da ta shafi yarinyar, daga ta haihuwa har fasfo, tana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Hajiya, makullin kuma yana ƙulle a gefen zaninta. Ihsan ta karanta tarihi a jami'a a nan Badun, ta fito da sakamako mai kyau. Bara da damina wata jami'a a garin Winnipeg na ƙasar Kanada ta ɗauke ta karatun digiri na biyu, kyauta, har da abin ci da wurin kwana, don ta nazarci tarihin ƙasar a zamanin mulkin mallaka. Abin da ya rage shi ne ta kai fasfo Legas a buga mata biza, kuma kwana goma sha biyu suka rage mata.

Ta shigo da murna, ta tarar da Hajiya tana mulmula daddawa.

"Kyauta?" in ji Hajiya.

"Kyauta, Hajiya."

"Su ba su da yara ne a can?"

"Suna da su mana."

"Amma sai da suka tsallake nasu, suka tsallake teku, suka tsallake duk Legas, suka shigo lungun nan suka zaɓo ki. To. Karanta min takardar. Da Hausa, ban da Yarabancin nan da kike cusa min a tsakiya."

Ihsan ta zauna a bakin gado ta karanta daga wayarta, tana fassarawa. Da ta kai wurin sa hannu sai ta tsaya.

"Ya ƙare?"

"Ya ƙare."

"Na ga wasu ƙananan rubutu a ƙasa. Idona bai mutu ba."

"Haba Hajiya, wannan ba komai ba ne, al'adarsu ce kawai. A kowace takarda suna sawa."

"Ƙaramin rubutu shi ne takarda. Karanta."

Ihsan ta karanta. Jami'ar tana sanar da cewa gine-ginenta suna zaune ne a kan ƙasar asali ta wasu al'ummu, aka jero sunayensu, ta ce ta amince da cutarwar da aka yi musu a baya, kuma tana fatan gyara.

Hajiya ta ajiye daddawar da ke hannunta, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Wato filin ba nasu ba ne."

"Ba haka ake nufi ba..."

"Su da kansu suka rubuta. Sun mayar?"

"A'a."

"Sun tashi?"

"Hajiya, jami'a ce guda, ta fi shekara ɗari."

"Ko ta fi dubu. Mutum ya rubuta a ƙofar gidansa cewa gidan nan ba nawa ba ne, sannan ya ce turo min jikarki ta kwana a ciki? Rigimar fili ce, 'yar nan. Wata rana kina cikin aji omo-onile za su iso da gatari. A Akinyele kakanki ya samu keken da ya dawo da shi gida. Ke wane keke za ki hau daga can?"

Ihsan ta yi dariya har da riƙe ciki. Hajiya ba ta yi ba. Ta taɓa makullin da ke gefen zaninta ta ji yana nan, ta koma kan daddawarta.

Da Iliyasu ya dawo daga kara, Ihsan ta kai masa ƙara. Ya saurara da kyau, ya shafa gemu, ya ce shi kam duk abin da Hajiya ta yanke shi ne. Mutumin da ke tsayawa gaban bijimi ba ya gezau, amma ko sau ɗaya ba a taɓa jin ya yi wa uwarsa musu ba.

Sai Ihsan ta yanke shawarar da ta fi kowace muni: ta ce bari ta koya wa kakarta tarihin, in ta fahimta hankalinta zai kwanta. Kwana uku ana darasi bayan la'asar, ɗaliba tana tankaɗen kuka, malama tana kan tabarma.

Ta fara da cewa Turawan da suka fara zuwa fatake ne, Faransawa da Ingilishi. Abin da ya kawo su fatar wata dabba ce mai zama a ruwa, wadda ake yin hula da ita a Turai.

"Hula?"

"Hula."

"Duk wannan tafiya saboda hula. Ci gaba."

Mutanen ƙasar suka karɓe su, suka nuna musu hanyoyin koguna, suka koya musu yadda ake rayuwa cikin sanyi, wasu har suka ba su aure. Wannan ɓangaren ya yi wa Hajiya daɗi, domin ta gane shi. Ta ce ai haka ake yi a Sabo tun fil azal: baƙon falke ya sauka wurin maigida, a ba shi ɗaki da tuwo, a nemo masa mai saye. Amma da Ihsan ta ce baƙin nan biyu sun kaure da yaƙi a tsakaninsu a kan wa zai mallaki wurin, Ingilishi suka ci, sai rariyar ta tsaya cak.

"A gidan mutane? Baƙo da baƙo suna dambe a kan gidan maigida, shi yana tsaye yana kallo?"

"Wasu sun goyi bayan wannan, wasu wancan."

"Allah sarki. Da ka goyi baya, da ba ka goya ba, duk ɗaya."

Rana ta biyu aka zo kan yarjejeniyoyi. Ihsan ta yi bayanin yadda gwamnati ta zauna da shugabannin al'ummun aka sa hannu, aka yi musu alkawura, aka ce za su ɗore muddin rana na fitowa koguna na gudu. Daga baya aka ware musu 'yan yankuna, aka shimfiɗa titin jirgi daga wannan teku zuwa wancan, garuruwa suka tashi, gonakin alkama suka cika ko'ina. Ɓaunayen da mutanen ke rayuwa a kansu kuwa sun riga sun kusa ƙarewa.

"Takardar da suka sa wa hannu, da wane yare aka rubuta?"

"Turanci."

"Sun iya?"

"Akwai tafinta."

"Tafintan wa?"

Ihsan ta ce, "Yawanci wanda gwamnati ta kawo."

"To," in ji Hajiya.

A rana ta uku Ihsan ta so ta tsallake wani babi, amma wanda ya girma a ɗakin nan ya san ba a tsallake wa Hajiya komai. Dole ta faɗi maganar makarantun kwana: yadda aka riƙa raba yara da iyayensu a kai su nesa, a aske musu gashi, a hana su yarensu, wasu ba su dawo ba har abada. Ta yi saurin ƙarawa da cewa an rufe su duka, gwamnati ma ta fito ta nemi gafara.

"Yaushe aka rufe?"

"Ta ƙarshe, a shekarun casa'in."

"Casa'in na wane ƙarni?"

"Wanda ya wuce."

"Lokacin babanki har ya yi aure. Ke kika ce min tarihi ne." Ta karkaɗe rariyar ta jingine. "Ƙasar da ta saba ɗauke yaran mutane da sunan makaranta, yau makaranta ta aiko a ba ta yarinya, kyauta, har da abinci. Na gode da karatu, Malama. Kin iya koyarwa."

Ihsan ta fita tsakar gida ta yi kukanta. Saura kwana takwas.

Washegari da safe Hajiya ce ta kira ta da kanta. Ta ce ita ba muguwa ba ce, kuma ba ta ƙi ci gaban kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne. A haɗa ta da masu ƙasar, na ainihi, waɗanda aka jero sunayensu a ƙasan takarda. Ba shugaban makaranta ba, ba gwamnati ba. In sun ce yarinya ta zo, sai ta zo.

"Hajiya, ejo, don Allah, ina zan samo su? Al'umma ce guda, ba gida ɗaya ba ne!"

"Ba su da babba? Ko Sabo da ƙanƙantarta tana da sarki."

Ihsan ta rubuta wa malamar da za ta duba aikinta wasiƙar da ta ce ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kwana biyu shiru. A na uku amsa ta zo: jami'ar tana da wata dattijuwa daga al'ummar Kiri, ɗaya daga cikin waɗanda aka ambata, sunanta Dorin, aikinta ba ɗalibai shawara. Ta yarda a yi magana ta waya mai hoto ranar Alhamis, ƙarfe biyar na yamma agogonmu.

Hajiya ta ce madalla, amma ba Ihsan ce za ta yi tafinta ita kaɗai ba.

"Ni ce ba ki yarda da ni ba?"

"Ke ce mai son tafiya. Ke kika ba ni labarin tafinta da bakinki."

Aka ɗauko Malam Gali, tsohon akawun tashar jirgin ƙasa da ke maƙwabtaka, wanda Turancinsa ya yi ritaya tare da shi amma bai sani ba. Ya zo da babbar riga da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a aljihu. Aka shimfiɗa masa darduma a bakin ƙofa. Hajiya ta yafa mayafinta na zuwa biki, aka jingina waya a jikin kwanon man shanu.

Fuskar wata tsohuwa ta bayyana, da furfura a kitse gida biyu, da tabarau a kan hanci. Suka dubi juna kamar masu cinikin da kowa ke jiran ɗaya ya fara taya.

Hajiya ta yi gaisuwa cikakkiya: gida, iyali, sanyi, gajiya. Malam Gali ya taƙaita ta cikin kalma biyu, ta harare shi. Sannan ta shiga magana.

"Tambaye ta, ƙasar da makarantar take, tasu ce?"

Dorin ta ce tasu ce, su da wasu al'ummun, tun kafin a san da wani abu wai shi Kanada.

"Sun kai ƙara?"

Ta ce akwai maganganun da ke gaban kotu tun kafin a haifi Ihsan, wasu an ci, wasu ana nan ana yi.

Hajiya ta juya ta dubi jikarta, duban da ke cewa kin ji ko. "To tambaye ta, tsakani da Allah, ranar da za su zo rushe ginin, suna sanarwa tukuna, ko dirar mikiya suke yi? Don in san lokacin da zan ce yarinya ta kwashe kayanta."

Ihsan ta rufe fuska da tafin hannu. Malam Gali ya fassara da iyakar gaskiyarsa. Dorin ta sa aka maimaita mata, sannan ta tuntsire da dariya har tabaranta ya zame. Ta ce ba sa rushe gini. Ta ce ofishinta ma a cikin ginin yake, hawa na biyu, kuma na'urar ɗumama ɗakin ba ta aiki sosai.

Hajiya ta sunkuyo wajen Malam Gali ta rage murya. "Sun ba ta ofis. An saye ta."

"In faɗa mata?"

"Kai dai Malam, Allah ya shirye ka."

Sai Dorin ta ce ita ma tana da abin faɗa. Ta ce gaskiya da aka ce mata wata tsohuwa daga Najeriya tana son magana da masu ƙasa, ta ɗauka 'yan damfara ne. Kwana biyun da aka ji shiru, bincike take yi: ta sa an tabbatar mata akwai ɗaliba mai wannan suna, ta nemi Sabo a taswira, har ta ce wa ɗanta ya zauna kusa ko za a nemi lambar asusunta. Ta juya wayar, sai ga wani ƙato a kujera yana ɗaga hannu cikin jin nauyi.

Malam Gali ya yi ta kame-kame, yana neman yadda zai tausasa maganar. Ihsan ta fassara ta yadda take. Muka zuba ido, domin ni ma ina tsakar gidan a ranar, na zo sayen kuka na ƙi tafiya.

Hajiya ta gyara zama. A karo na farko tun da aka fara, fuskarta ta saki.

"Kwana biyu tana bincike?"

"E."

"Har da mai gadi a gefe." Ta gyaɗa kai a hankali. "Wannan mata tana da hankali. Ba a saye ta ba. Wanda aka saya ba ya bincike."

Daga nan maganar ta sauya. Dorin ta tambayi me take so ainihi. Hajiya ta ce ita baƙuwa ce a ƙasar Yarabawa tun tana yarinya, a nan ta yi aure, a nan ta binne miji, kuma ko da rana ɗaya ba ta manta cewa ƙasar tana da masu ita ba. Ta ce a inda ta fito, baƙo ba ya ajiye kaya sai ya gai da maigida ya ji daga bakinsa. Waɗancan Turawan na farko ba su yi haka ba, ko sun yi sun karya. Ita ba za ta tura jininta ya ƙaru a kan masu zaman ƙarfi ba. Izini take nema. In an ba ta, to amana ce ta ba Dorin. In ba a ba ta ba, yarinya ta zauna ta koyi daddawa.

Sai da tafintoci biyu suka haɗa ƙarfi kafin wannan ya ƙetare. Dorin ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce tana da shekara shida aka sa ta a mota zuwa makarantar kwana, aka ce mata ba za ta daɗe ba. Da ta dawo, kakarta tana yi mata magana ba ta ganewa. Ta ce shekararta goma sha ɗaya a wannan ofis, ta ji an karanta waɗancan ƙananan rubutun a taro ya fi sau dubu, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya jira amsa.

Sannan ta faɗi wata magana doguwa, a hankali, tana duban Hajiya.

Malam Gali ya sauya tabarau. "Hajiya, wannan ba Turanci ba ne."

"Na sani," in ji Hajiya. "Ku yi shiru."

Da ta gama, Dorin ta koma Turanci ta ce da yarensu ne, wanda ta sake koya bayan ta haura hamsin. Ta ce ita kaɗai ba ta isa ta yi magana da bakin al'umma duka ba, amma a nata bakin, yarinya ta zo, ƙofarta a buɗe take. Ta ƙara da cewa a sayo mata takalmin sanyi na gaske, ba irin na gayu ba.

Aka yi sallama. Malam Gali ya rubuta lambar Dorin da ta ɗanta a bayan wata tsohuwar kalanda, Hajiya ta sa Ihsan ta karanta lambobin da ƙarfi, Malam Gali ya bi da yatsa, don kada wani ya rage ko ya ƙara.

Hajiya ba ta faɗi hukuncinta a ranar ba. Ihsan ma ba ta tambaya ba, ta san kakarta. Da safiyar Juma'a, saura kwana biyu wa'adi ya cika, aka ji ƙarar akwatin ƙarfe ana jan shi daga ƙarƙashin gado. Hajiya ta fito da fasfon a naɗe cikin leda uku. Ihsan ta miƙa hannu biyu, idonta ya cika da hawaye.

Hajiya ta janye.

"Ba ke ba. Malam Gali zai raka ki Mokola a ɗauki hoton kowane shafi, a kawo min in ajiye."

"Hajiya, shafukan duk babu komai a cikinsu fa!"

"Shi ya sa. In kin dawo in ga abin da suka rubuta a ciki."

Ihsan ta rungume ta tana dariya tana kuka, Hajiya tana ture ta tana cewa za ta ɓata mata zani.

"Kuma in kin isa, ki je ofishin matar nan da ƙafarki, ki ƙirga hawan. Ta ce na biyu ne."